Adakar Kakanmu da Tsohuwar Zarewa



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa, yau ina so ne in yi tsokaci a kan wata magana da ta taso a gidanmu, wadda na tabbata ba gidanmu kaɗai ta shafa ba.

Ɗan yayata ne ya kira ni a waya kwanakin baya, muryarsa kamar ta wanda aka yi wa rasuwa. Ya nemi gurbin karatun lauya a jami'a, sai aka ba shi Tarihi. Tun kafin labarin ya gama zagaya dangi har an yanke wa karatun hukunci. Abokansa suka ce zai je ya shafe shekara huɗu yana haddar sunayen matattu. Wani baffansa ya ce gara ya zauna a gida ya sake jarrabawa baɗi. Wani abokinsa kuma, mai son addini ƙwarai, Allah Ya ƙara masa fahimta, da ya ji cewa cikin darussan akwai na adana kayan tarihi da al'adun gado, sai ya ce ai wannan raya bori ne da tsafi, an dai sa musu rigar boko. Yaron ya ce da ni, “Kawu, ni dai abin da ka ce shi zan yi.” Na ce masa ya je ya yi rajista, kuma in an zo zaɓen fanni ya karkata ga tarihin shekaru ɗari biyun nan na baya-bayan nan, ya haɗa da ilmin adana abin da magabata suka bari. Ba don in rarrashe shi na faɗi haka ba. Ina da dalili, kuma dalilin ya faro ne daga wani laifi da na yi da hannuna.

Mu mutanen Falgore ne. Ba Falgore ta dajin nan da ke kan hanyar Jos ba, wadda ita kowa ya sani. Tamu tana cikin ƙaramar hukumar Rogo, a ƙasar Ƙaraye, can yammacin jihar Kano inda muka yi iyaka da Kaduna da Katsina. Kakanmu malamin allo ne, ya yi yawon karatu a ƙuruciyarsa, ya dawo gida ya zauna yana noma yana koyarwa. Yana da wata adaka a ƙarƙashin gadonsa wadda ba mai taɓa ta. Da Allah Ya yi masa rasuwa sai aka rufe ɗakin, aka yi damina da damina ba a waiwayi adakar ba. Ranar da aka buɗe ta, ina sakandare a lokacin, sai aka tarar gara ta riga mu. Ta cinye kusan rabi. Abin da ya rage ya haɗa da warƙoƙin littattafai na rubutun hannu waɗanda suka rabu da 'yan'uwansu, da wasiƙu cikin ajami, da takardun shaidar biyan haraji, da wata takarda mai hatimi, da wasu 'yan shafuka inda ya riƙa rubuta haihuwa da rasuwa na gidanmu, kowace da alamar shekararta. Manya suka duba suka ce akwai sunan Allah a ciki, bai kamata a bar su suna yawo ana takawa ba. Niyyarsu kyakkyawa ce, ba na zargin kowa. Aka ce a haƙa rami a bayan gida a binne. Ni na riƙe fartanyar. Har ina jin daɗi an sa ni aikin lada.

Sai bayan shekaru, ina zaune a ɗakin karatu a birni, wani littafi ya faɗo hannuna wanda ya sa na gane abin da na binne. Sunansa Baba of Karo, an buga shi da Turanci a Ingila a 1954. Labarin rayuwar wata tsohuwa ce Bahaushiya da ake kira Baba, wadda aka haifa a wajajen 1877, ta tashi tsakanin ƙauyen Karo da garin Zarewa. Ɗan'uwa mai karatu, Zarewa ɗin nan tamu ce ta Rogo, maƙwabciyar Falgore. Wata Baturiya mai suna Mary Smith, matar masanin nan M. G. Smith da ya yi bincike a kan sarautar Zazzau, ita ta zauna da Baba a garin Giwa tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, tsohuwa tana faɗa da Hausa, ita tana rubutawa. Baba ta ba da labarin rinjin gidansu da bayin da ke noma a cikinsa, da maharan da ke faɗa wa ƙauyuka su kama mutane, da yadda aka fanso danginta da kuɗin wuri, da zuwan Turawa, da yadda bayi suka watse bayan haka. Ta yi bayanin aure da suna da goyo da ƙawance da zaman kishiyoyi, dalla-dalla, kamar mai zana taswira. Ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba. An sake buga shi a Amurka a 1981, kuma ɗalibai a jami'o'in duniya sun daɗe suna karanta shi don su san yadda matan Hausa suka rayu.

Na rufe littafin nan jikina ya yi sanyi. Tsohuwa ɗaya ce, daga ƙauye ɗaya, aka saurare ta na 'yan makonni. Tsofaffi nawa irinta aka yi a Zarewa da Falgore da Fulatan da Beli da Gwangwan, waɗanda suka ga abin da ta gani ko fiye, aka kai su makwanci da labarinsu a baki? Ba na jin haushin Baturiyar nan, ta yi aikin da mu ba mu yi ba. Abin da ya dame ni shi ne na girma kusa da Zarewa, na yi firamare na yi sakandare, ba wanda ya taɓa ambata mini sunan Baba. Na san shekarar da aka yi juyin juya halin Faransa, amma ban san cewa kakannin maƙwabtanmu sun kwana cikin fargabar mahara ba.

Da yawa daga matasanmu in an ce tarihi, tunaninsu yakan tafi ga Bayajidda da rijiyar Kusugu, ko ga Barbushe da dutsen Dala. Waɗannan suna da muhallinsu. Amma ni abin da na fi ganin buƙatarsa shi ne tarihin da ke kusa, wanda har yanzu zafinsa bai huce a jikinmu ba. A duba abin da ya ratsa wannan 'yar ƙasa tamu ta Ƙaraye cikin ƙarni biyu kacal. Lokacin jihadi a ƙasar Kano, jama'ar Shehu sun yi hijira ne zuwa Kwazazzabo a nan yamma, kuma Ƙaraye tana cikin manyan garuruwan farko da suka faɗa hannunsu, tun kafin a karya Sarki Alwali a Ɗanyaya a wajajen 1807. Alƙali Muhammadu Zangi ya rubuta labarin wannan yaƙi a littafinsa Taƙyidul Akhbar. Aka yi yaƙin basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa daga 1893. Turawa suka biyo ta Bebeji suka ci Kano ran 3 ga Fabrairun 1903. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, haraji ya koma na tsabar sulalla, yunwar 1913 zuwa 1914 ta yi wa ƙasar Kano mummunar ɓarna. Bauta ba rana ɗaya ta mutu ba: dokar Turawa ta 1901 ta 'yanta 'ya'yan da za a haifa daga wannan shekara ne, sai a 1936 aka soke ta ɗungurungum. Aka kafa NEPU a Kano a 1950, talakawan karkara suka sha ɗauri da bulala a kanta. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya shiga gidajenmu, ya taɓa wanda ya mallaki wace gona, da wanda ya auri 'yar wa, da gidan da ake gaisarwa a durƙushe. An rubuta su a littattafai daga mahangar birni da fada. Yadda suka sauka a kan mutumin Falgore kuwa, wannan yana jiran mai rubutawa.

Ko ba a je da nisa ba, ga madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a ƙasar Ƙaraye a 1992. Ruwa ya shanye gonaki da matsugunai, aka tashi mutane aka mai da su wasu wurare. Waɗanda suka san inda masallacin tsohon gari yake, da inda kasuwa take ci, da kukar da ake hutawa a gindinta, suna nan da ransu, amma sun fara manyanta. Nan da shekara ashirin, in ba a naɗi muryarsu ba, sai dai a nuna wa yaro ruwa a ce masa kakanninka a nan ƙarƙashi suka zauna, shi ke nan.

Ga kuma maganar masarauta, wadda kowa ya gani da idonsa. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Ƙaraye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, tare da Bichi da Rano da Gaya. A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke wannan doka, sannan a watan Yulin shekarar ta sake kafa masarautar Ƙaraye mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Ƙaraye da Rogo. Ba hurumina ba ne in ce wane ya yi daidai. Abin da na lura da shi kawai shi ne, a duk tsawon taƙaddamar nan kowane ɓangare da tarihi yake kafa hujja. Wannan ya ce tun fil azal Ƙaraye sarauta ce mai cin gashin kanta, wancan ya ce tun fil azal a ƙarƙashin Kano take. Matasa suka yi ta musu a Facebook har da zage-zage, kuma da wuya ka ga wanda zai ce ga takardar da na dogara da ita, ga wanda ya rubuta ta, ga shekarar. Abin da ake cewa ba shi da amfani, ga shi nan ana raba ƙasa da shi.

To, sai wani ya ce, in dai sauraron tsofaffi ne, me ya kai mutum jami'a? Ai sai ya ɗauki wayarsa ya tafi zaure. A nan ne nake ganin mutane ba su fahimci abin da ake koyarwa a Sashen Tarihi ba. Ba haddar labari ake koya ba, auna labari ake koya. Kuma wannan ilmi ba baƙo ba ne a wurin Musulmi. Malaman hadisi sun tsare shekarun haihuwa da rasuwa na maruwaita ne don su kama wanda ya ce ya ji daga malamin da bai riska ba. A shekara ta 447 bayan hijira aka kawo wa wazirin halifa a Bagadaza wata takarda da aka ce Annabi (SAW) ne ya rubuta wa mutanen Khaibar yana ɗauke musu jiziya, har da sunayen sahabbai a matsayin shaidu. Aka nuna wa Khaɗibul Bagdadi, ya duba ya ce jabu ce. Aka tambaye shi dalili, ya ce a cikin shaidun akwai Mu'awiya, alhali sai bayan Khaibar ya musulunta, akwai kuma Sa'adu ɗan Mu'azu, alhali ya rasu tun kafin Khaibar. Bai yi fushi ba, bai yi zagi ba, shekaru kawai ya jera. Ibn Khaldun ma a Muƙaddimarsa ya caccaki marubutan da ke kwaso adadin mayaƙa na fitar hankali ba tare da sun tambayi kansu ko ƙasar za ta iya ciyar da runduna irin wannan ba. Kai, har sukar da ake wa ɗan yayata ma ba sabuwa ba ce: Imam Sakhawi, wanda ya rasu a 902 bayan hijira, sai da ya wallafa littafi sukutum don mai da martani ga masu aibata ilmin tarihi.

Bari in koma kan Baba don a ga yadda awon yake aiki. A cikin labarinta ta nuna cewa talakawa irinsu ba su yi baƙin ciki da zuwan Turawa ba, domin hare-hare sun tsaya, hanyoyi sun yi lafiya. Wanda bai yi karatun ba, ɗayan biyu zai yi: ko ya ɗauki maganar ya ce ga shaida mulkin mallaka alheri ne, ko ya jefar da littafin ya ce ƙaryar Turawa ce. Ɗalibin tarihi kuwa tambayoyi zai jera. Da wa take magana? Da Baturiya, a lokacin da Turawa ke mulki. Shekara nawa tsakanin abin da ya faru da ranar da ta faɗe shi? Kusan hamsin. Ita wace ce? 'Yar gidan masu rinji ce, ba baiwa ba, ba kuma 'yar sarauta ba. Me wasu shaidu suka ce, kamar waƙoƙin malaman da suka yi kukan zuwan Nasara, ko labarin dubban da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi a 1903? Bayan duk wannan ba zai ƙaryata tsohuwar ba, domin tsoron mahara da ta faɗa gaskiya ne. Zai dai ajiye maganarta a inda ta dace, kusa da ta sauran. Haka zai yi wa rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta a kan gundumomin Kano lokacin ƙidayar haraji, waɗanda ke ajiye a gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna: akwai ƙididdigar mutane da dabbobi da sana'o'i a ciki mai matuƙar amfani, amma mai karɓar haraji ne ya rubuta, ta bakin tafinta, daga amsar mutanen da ke da dalilin ɓoye shanunsu. Haka kuma, ko da zai yi mana nauyi, zai yi wa littattafan namu malaman. Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taska ce, amma jagoran ɓangare ɗaya na yaƙin ne ya rubuta shi, kuma shi da kansa ya kawo wasiƙun Shehu Al-Kanemi na Borno masu ja da hujjojinsu, bai ɓoye su ba.

Wannan tarbiyya ta samu gindin zama a Arewa tun da daɗewa. Farfesa Abdullahi Smith ya gina Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ya kuma kafa cibiyar Arewa House a gidan Sardauna a Kaduna a 1970. Daga wannan makaranta aka sami irin su Dokta Yusufu Bala Usman, wanda ya rasu a 2005, da aikinsa a kan Katsina, da Mahdi Adamu da ya bi sawun Hausawa a Afirka ta Yamma, da Adamu Fika da ya rubuta tarihin basasar Kano. Bala Usman musamman ya yi yaƙi da ɗabi'ar mai da tarihinmu faɗan ƙabila da ƙabila. Ina tuna shi duk ranar da na ga yaran da ba su kai shekara ashirin da biyar ba suna tsine wa juna a intanet da sunan Hausa da Fulani, kowanne yana riƙe da guntun labarin da bai san tushensa ba. Ita kanta Baba ta Karo, da duniya ta sani a matsayin Bahaushiya, ta ce kakanninta Barebari ne.

Yanzu sai maganar abokin nan mai tsoron raya tsafi. Ba zan yi masa dariya ba, domin tsoronsa yana da tushe. Akwai wani nau'in “raya al'ada” da ni ma ba na so, wanda ake tara 'yan rawa a filin wasa don baƙi su ɗauki hoto, a kashe kuɗi a watse, ba a ƙaru da komai ba. Akwai kuma wanda zai fake da al'ada ya koma ga abin da addini ya hana. Amma adana shaidar abu daban, aikata shi daban. Hishamu ɗan Kalbi ya rubuta littafi a kan gumakan Larabawan jahiliyya, da sunayensu da wuraren da suke, kuma malamai suka yi ta amfani da shi. Malaman lugga sun tsare waƙoƙin jahiliyya domin da su ake fahimtar Larabcin Alƙur'ani. A nan gida, da yawa daga cikin abin da muka sani game da zaluncin sarakunan da jihadi ya kawar, daga Kitabul Farƙi muka san shi, inda aka jera ɗabi'unsu da harajinsu ɗaya bayan ɗaya. Da an ce duk abin da ba shi da kyau a shafe ambatonsa, da yau ba mu san abin da Shehu ya yi wa gyara ba.

Bugu da ƙari, mu duba abin da ke lalacewa a zahiri. Shin kayan bori ne suka fi yawa a ciki? A'a. Littattafan fiƙihu ne da nahawu da tauhidi na rubutun hannu, da Alƙur'anai da mahaddatanmu suka rubuta da ka, da wasiƙun alƙalai, da waƙoƙin wa'azi na ajami, da masallatan ƙasa da magina suka yi wa bakan gizo, irin masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Badalar Kano, wadda aka sa cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su tun 2007, kowa ya ga yadda gine-gine da masu ɗibar ƙasa suka cinye ta, an kuma rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi. A Timbuktu, a watan Janairun 2013, 'yan bindiga sun cinna wa dubban littattafai wuta a cibiyar Ahmad Baba. Abin da ya ceci mafi yawan taskar garin shi ne mutane irin su Abdulƙadir Haidara, waɗanda suka san darajar abin da ke hannunsu, suka yi ta fitar da shi a ɓoye cikin akwatuna zuwa Bamako. Mu a nan ba ma buƙatar ɗan bindiga. Gara da ɗigar ruwa da kyakkyawar niyya sun ishe mu.

Kuma adanawar ma ilmi ce, ba son abu kawai ba. Na ga wanda, don ƙaunar littafin kakansa, ya kai shi shagon kwamfuta aka liƙe kowace warƙa cikin leda da zafi, bai san ya kashe ta ba ke nan. Na ga wanda ya ɗinke yagewa da salatif, bayan 'yan shekaru gam ɗin ya ci tawadar. Ɗalibin wannan fanni zai koyi cewa ba a raba warƙoƙi da gafakarsu, ba a sake musu jeri kafin a ɗauki hotonsu yadda aka same su, ana rubuta gidan da aka samo su da wanda ya gada daga wa. Zai koyi ɗaga takarda ga haske ya ga tambarin masana'antar da ke cikinta, kamar jinjirin wata uku na takardun Italiya da fatake suka riƙa kawowa ta hamada, wanda ke taimakawa a kintaci zamanin rubutun. Zai koyi karanta abin da mai kwafe littafi ya rubuta a ƙarshe, da 'yan kalmomin Hausa ko Fulfulde da ɗalibi ya saƙala a gefen shafi. Zai koyi yadda ake yi wa tsoho tambaya ba tare da an sa masa amsa a baki ba, da neman izninsa, da sanin abin da amana ce ba a yaɗawa. Da a ranar nan akwai mutum ɗaya a gidanmu da ya san wannan, da ya ce wa manya: ku dakata, a ware masu ayoyi a killace su da mutunci a wuri busasshe, sauran kuma a karanta tukuna. Da sun yarda, domin ba ƙin tarihi ya sa su binnewa ba, girmama sunan Allah ne, kuma ba wanda ya nuna musu wata hanyar girmamawar.

Saura maganar baffansa, wato abinci. A nan ba zan yaudari kowa ba. Digirin tarihi ba ya kawo kuɗi da sauri, kuma ƙasar da ta cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantu a wajajen 2009, sai bayan kimanin shekara goma ta fara dawo da shi, ta nuna matsayin da ta ba masu wannan ilmi. Guraben aiki a gidajen tarihi irin su Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, ko hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa, ba su da yawa. Akwai koyarwa, akwai aikin jarida, akwai aikin gwamnati da na ƙungiyoyin bincike, kuma mutumin da ya iya karanta takardu masu yawa ya fitar da gaskiya daga cikinsu ya rubuta ta a fili ba ya rasa inda zai yi amfani. Amma wanda ya je ya yi haddar takardun malami ya fito da kwali kawai, zai sha wuya, kamar yadda takwaransa na kowane fanni yake sha. Shi ya sa na gindaya wa yaron sharaɗi. Na ce kada ya saki Larabcin da ya fara a Islamiyya, ya kuma zauna gaban wani dattijo ya ƙware a karatun ajami da rubutun Magariba, domin wanda ya haɗa wannan da horon jami'a ba su da yawa, kuma su ake nema in an tashi aikin tsofaffin littattafai. In ya samu hali ya taɓa Faransanci, saboda rabin labarin Katsina yana Maraɗi, na Kano kuma yana da ƙafa a Damagaram. Kundin bincikensa na ƙarshe kuma kada ya kwafo abin da aka riga aka rubuta a kan Sakkwato sau ɗari. Ya dawo gida.

Ina da kira na musamman ga 'yan'uwa mata. Baba ta buɗe cikinta ne domin mace ce ke tambayarta. Mijin Mary Smith, duk iliminsa, ba shi da hanyar shiga cikin gida ya zauna a tabarma ɗaya da matan aure. Yau ma haka abin yake. Akwai abin da tsohuwa ba za ta taɓa faɗa wa jikanta namiji ba, na haihuwa da kishi da yunwa da yadda aka aurar da ita, amma za ta faɗa wa jikanya in ta iya zama ta yi shiru. In 'ya'yanmu mata ba su shiga wannan fanni ba, rabin tarihin ƙasar nan ba mai ɗauko shi.

Yaron dai ya yi rajista. Mun yi alkawari da shi in an yi hutu za mu je Falgore tare, in sha Allahu. Akwai wata gwaggonmu a unguwarmu da ta haura tamanin, tana tuna farin 1973 kamar jiya, tana kuma riƙe da abin da mahaifiyarta ta ba ta labari na babbar yunwar da aka yi farkon zamanin Turawa. Na saya masa littafin rubutu mai kauri, na ce ya tanadi wuri a wayarsa. Na gaya masa kafin ya tambaye ta komai, ya fara rubuta ranar da wurin, da sunanta da na mahaifinta, sannan duk abin da ta faɗa ya tambaye ta: Gwaggo, wannan da idonki kika gani, ko wa ya faɗa miki? In mun gama da ita zan kai shi bayan gida in nuna masa inda ramin yake. An yi turken awaki a wurin yanzu.